Kwana Ɗari a Rukunin Baƙi

Ampek Angkek,
kwana sittin da biyu da rasuwar Niar.

Zuwa ga yayata Uni Marnis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki da duk mai kwana a gidan mahaifiyarmu na bakin tafki. Yaya gwiwar nan taki? Kina shafa man da na aiko, ko kin ɗora shi a saman kabad kina jira ya yi aiki daga can? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban da ke kai kayanmu Maninjau. Sau uku ina kiran ki a waya, sau uku kina ce mini “Me ka ce?”, ni kuma abin da nake son faɗa ba ya faɗuwa da ihu.

Saƙonki ya iso. Kin ce ranar cikar kwana ɗari za ku zo ku ɗauke ni, har kin share ɗakin baya kin shanya katifa. Na gode, Uni. Ba sai kin karanta mini al'ada ba, na san ta. Dangin matata Niar ne suka zo da laima da tasar ganyen siri, wanda ake miƙawa kamar goro, suka ɗauko ni ranar aure, suka kawo ni gidansu. Yanzu da ba ta, ku ne za ku zo ku mayar da ni. 'Yata Wirda kuwa 'yar gidan uwarta ce, nan za ta zauna. Amma bari in gaya miki gaskiya, tunda ke kika goya ni: ba na son tafiya. Ina son in ci gaba da ganin 'yata tana shan shayi a tsaye kamar uwarta. Mutum ɗaya ce ke da ikon cewa in zauna, wato Amak, mahaifiyar Niar, ita kuma shekara ashirin da huɗu ke nan ban taɓa jin ta kira ni da wani abu ba sai “Sutan”, laƙabin da aka ba ni ranar aure. Tana girmama ni ƙwarai, irin girman da ake ba baƙo. Ba zan roƙa ba. Namiji ba ya roƙon zama a gidan surukai, kin sani.

To, tunda tafiya za a yi, na ce bari in bar musu wurin aiki a tsare. Kin san gidan surfanin nan, inda ake yi wa mayafan sallah ado, kwamfuta tara gare shi. Kowace da nata halin. Kowace da sunayen da ta sani da kalmar sirrinta, wadda ba ta san na maƙwabciyarta ba. Zanen furanninmu sun watsu a cikinsu, wani a nan, wani a can. Niar ce ta san inda kowane zane yake kwance, ni kuma na riƙe kalmomin sirrin duka a kaina. Rabi ya riga ya tafi da ita. In ni ma na tafi da nawa rabin, sai dai su zauna su yi ta kallon akwatuna.

Saboda haka na kawo babbar kwamfuta guda, muna ce mata uwa. A cikinta za a buɗe kundi ɗaya tak mai ɗauke da sunan kowa, da abin da aka yarda ya buɗe da abin da ba a yarda ba. Sauran taran su daina yanke hukunci da kansu, duk wanda ya zo su tambayi uwa ko ta san shi. Mabuɗi ɗaya ke nan, in miƙa shi in kama hanya.

Kwanakin nan hazo yana saukowa daga dutsen Marapi tun hantsi, ya shigo har cikin ɗakin aiki ya zauna tsakanin injuna. Wani lokaci sai in ga kamar wata ta gifta a cikinsa da almakashi rataye a wuya. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Dasril


Ampek Angkek,
kwana saba'in da tara.

Uni Marnis,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutan gida. Ƙananan kifin tafkin da kika naɗo a ganyen ayaba sun iso da ɗuminsu. Amak ta ci har ta ƙara, ta ce a gaya wa “dangin Sutan” an gode. Kin ji dai.

Aiki ya yi nisa. Kwamfuta shida sun miƙa wuya, sun bi uwa. Abin da ya fi wuya mutanen ne. Etek Jus, wadda ta fi kowa daɗewa a kan injin, ta riƙe ƙugu ta ce, “Sutan, yanzu ni sai na gabatar da kaina ga akwati kafin in taɓa shi? Lokacin da na fara aiki a gidan nan, ko uban wanda ya ƙera shi bai yi wayo ba!” Na lallaɓa ta ta zaɓi kalmar sirri, na ce kada ta gaya wa kowa, ko ni. Ta yi tunani ta buga, sannan ta juya ta sanar wa ɗakin gaba ɗaya cewa sunan kyanwarta ta sa. Haba! Sai da muka sake sau uku, kyanwoyin gidanta suka ƙare.

Kwamfutar da ke aika wa injunan surfani zane ita ce mai taurin kai. Ta ƙi ɗauko komai daga wurin uwa sai da wani suna ya tsaya mata. Rana ta yi, masu aiki suna jira, sai na ba ta nawa na wucin gadi don a samu a ci gaba. In na huta zan yi mata nata.

Abin da nake son ba ki labari shi ne kundin. In kika buɗe shi, Uni, itace ne a kife, saiwa a sama, rassa suna saukowa. Ina ganin sa na tuna da takardar asalin dangi da ke manne a falon Amak, wadda ke bin mata zalla. Kaka, 'ya'yanta mata, 'ya'yansu. Wirda tana nan a ƙarƙashin Niar kamar daga sama ta faɗo, ba a rubuta uba ba. Sau nawa na sha shayi a ƙarƙashin takardar nan ban taɓa jin komai ba? Sai na ga hannuna yana tsara kundin a kanta ba tare da na yi niyya ba. Na yi reshen Iyali, na raba shi ɗaki-ɗaki yadda gidan yake: ɗakin Amak, ɗakin Niar. Na yi reshen Ma'aikata, mutum goma sha ɗaya. A ɗakin Niar na sa Wirda, na kuma rubuta sunan Niar ɗin kanta, a rufe, ba mai shiga da shi, don kawai zanenta su sami inda za su jingina.

Ranar da na kwashe kwamfutarta, wadda ke bakin taga, na tarar da zane ɗari huɗu da wani abu. Na ƙarshe bai kammalu ba. Reshen fure ne, gefe ɗaya ya cika da ganye, ɗaya gefen layi ne kawai ya miƙe ya tsaya. Na daɗe ina kallon inda layin ya tsaya. Bayan azahar ne, injuna suna ta kaɗawa kamar ruwan sama a kan kwano, sai barci ya sace ni a kan kujerarta. Na ga itacen nan a tsakiyar tafkinmu, a kife, sunaye suna lilo a jikinsa kamar mangwaro. Niar tana zaune a wani reshe tana warware zare, ƙafafunta a ruwa. Ba ta ko ɗago ba ta kira ni yadda ta saba, ta ce, “Uda, kai ina ka rataye naka?” Na buɗe baki zan amsa, sai Etek Jus ta tashe ni wai kyanwa ta huɗu ta ƙi buɗewa.

Tambayar gaskiya ce, kowa ya sami wuri ban da ni. Ni ba ma'aikaci ba ne, ba wanda ya ɗauke ni aiki. A Iyali kuwa kunya ta hana ni, wa ya aike ni in rubuta kaina inda kakanninsu ba su rubuta mazajensu ba? Sai na yi wani ɗan reshe a gefe na sa masa suna Baƙi, na shiga ni kaɗai. Kundin yana tambaya ko suna yana da ranar ƙarewa. Na ƙirga a yatsa na sa masa ranar cikar kwana ɗari. Na yi kuka, Uni, ba zan ɓoye miki ba, amma ba wanda ya gani.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Naki,
Dasril


Ampek Angkek,
kwana casa'in da shida.

Uni,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Hankalina ya tashi da na ji ƙasa ta zabtaro ta rufe hanyar dutse. Alhamdu lillahi da ba wanda abin ya rutsa da shi. Direba ya ce sai ya zaga ta doguwar hanya, don haka ban san yaushe wannan za ta same ki ba. Na ji saƙonki cewa zuwanku zai ƙara mako guda. Ba komai. Kada ki ɗauko tsofaffi ki bi da su ta zagaye, gwiwarki ma ba za ta yafe miki ba.

Aiki ya ƙare. Kwamfuta tara, kundi ɗaya. Yanzu kowa ya zauna a gaban wadda ya ga dama, ya faɗi sunansa, sai kayansa su biyo shi kamar kaji sun ga mai tsaba. Na koya wa Wirda yadda ake ƙara suna da yadda ake rufewa. Kanta yana ja, amma ba ta magana. Tana buga abin da na ce, idonta a kan allo. Rannan ta kira ni yadda take kiran ubanta tun tana ƙarama, ta ce, “Abak, in abu ya lalace fa?” Na ce ga waya. Ta ce, “Waya,” ta miƙe ta fita. Ita ma ba ta da bakin cewa in zauna, kakarta tana raye.

Jiya na rubuta babbar kalmar sirrin, wadda ke mulkin kundin duka, na sa a ambulan na liƙe. Na cire wa sunana duk wani ikon mulki, na bar shi tsirara kamar na kowane baƙo. Na sami Amak a baranda tana tsince shinkafa. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu, na yi bayani mai tsawo wanda na kwana biyu ina shiryawa. Ta saurara har ƙarshe. Ta juya ambulan ɗin gaba da baya, ta ɗaga murfin tasar ganyen siri ta jefa shi ciki. Ta ce, “An gama ke nan, Sutan?” Na ce an gama. Ta ce, “Sannu da aiki.” Ta koma kan shinkafarta.

Wallahi, Uni, na tsaya a wurin fiye da yadda ya kamata. Ina jiran kalma ɗaya. Tsuntsaye suna sauka suna tsintar abin da ta watsar, hazo ya cinye rabin dutsen Singgalang, ni kuma ina durƙushe kamar mai jiran canji a shago. Na ji haushinta, na ji haushin kaina da na sa rai. Na tashi na tafi haɗa kaya.

Kin san abin dariya? Shekara ashirin da huɗu, jaka ɗaya. Riguna, Alƙur'anina, akwatin sukuddireba. Duk abin da na ɗaga sai in ga na gidan ne. Har kofin da nake shan shayin ƙwai a ciki, na kakar Niar ne.

Sunana zai rufe ranar da na sa masa, ko kun zo ko ba ku zo ba. Ba ni da ikon ɗaga ranar yanzu, kuma ba zan je in ce a buɗe ambulan saboda ni ba. Mako ɗaya ba kwamfuta ba zai kashe ni ba. Zan zauna in kalli gonakin shinkafa, na ji an ce suna da kyau.

A gaida yara.

Ƙaninki,
Dasril


Ampek Angkek,
kwana ɗari da biyu.

Zuwa ga Uni Marnis, yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya, ina fata kuma kina zaune, don labarin nan ba na tsaye ba ne.

An yi addu'ar kwana ɗari lafiya, mutane sun cika gida, an ci an watse. Jiya da safe na idar da sallah, na sha shayi, na zauna a baranda da jakata a bayan ƙofa. Ƙarfe bakwai ta yi, bakwai da rabi ta yi. Sai na ji wani abu yana damun kunnena, na rasa mene ne. Ashe shiru ne. Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin safiyar aiki ba ƙarar injin ba. Ina jin ruwa yana gudu a kwalbatin gona, ina jin wani yana sara itace can ƙetaren kwari, har kukan ƙudan zuma a jikin furen bakin taga. Na ɗauka ko barci nake yi.

Sai ga Etek Jus da zare a kafaɗa: “Sutan, taso ka ga 'ya'yanka, sun yi yaji!”

Injuna huɗu a tsaye, allurai a sama, ga tarin mayafan da za a kai kafin azumi. Kwamfutar da ke ba su zane tana ta cewa uwa ba ta san mai tambaya ba. Ina gani na dafe kai. Kin tuna mai taurin kan nan da na ara wa sunana na wucin gadi? Ban taɓa komawa na yi mata nata ba. Na manta shaf! Duk zanen da aka ɗinka a gidan nan tun daga ranar, da sunana ake ɗauko shi. Sunan ya mutu, ita ma ta tsaya. Ni da na yi wata guda ina fama don kada tafiyata ta taɓa kowa, ga shi na ɗaure gidan duka a ƙafata. Na zauna na buga sunana don in gyara, allo ya ce wa'adin wannan suna ya ƙare. Na sake, ya maimaita, ba kunya ba tsoron Allah, a gaban mata goma sha ɗaya.

Ba yadda za a yi sai da ambulan. Wirda ta tafi kiran kakarta. Amak ba ta aiko da shi ba, da kanta ta zo, tana dogara sanda, tasar a ƙarƙashin hammata. Rabonta da ɗakin aiki tun ranar da aka fitar da gawar Niar. Aka ba ta kujera. Ta yage ambulan ɗin ta miƙa wa Wirda, ta sa tabarau ta ce a nuna mata wannan abin da na ce na gina.

Wirda ta buɗe itacen. Amak ta bi shi da yatsa a hankali, bakinta yana motsi. Ta ga ɗakinta. Ta ga ɗakin Niar, yatsan ya tsaya a kan sunan ya daɗe. Ta sauko kan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta kai ga ɗan reshen gefe.

Ta ce, “Baƙi. Baƙi muka yi ban sani ba? Wane ne Dasril?”

Etek Jus ta toshe baki da gyale. Na ce, “Ni ne, Amak.”

“Kai ne. Wannan kwanan watan da ke gabansa fa?”

Na ce ranar da sunan zai ƙare ce. Na yi sauri na ƙara da cewa kuskurena ne, a ɗaga mini kwana ɗaya kawai in yi wa kwamfutar nata sunan, ba za a sake jin kaina ba.

Ta ce, “Wa ya sa ranar?”

Na ce ni.

Ta cire tabarau ta dube ni, irin duban da ban taɓa samu daga gare ta ba, na faɗa. Ta ce, “Ni na tura mutum goma sha biyu da laima suka gangara har bakin tafki suka ɗauko ka. Ni na kai ka ƙofar ɗakin can. Ka ji na ce a mayar? Kwana ɗari ina jira ka zo ka zauna mu yi magana irin ta ɗa da uwa, sai ga ka da ambulan da dogon jawabi kamar ma'aikacin gwamnati. Na ce to, ashe ɗokin gida yake yi, kada in tare shi.”

Uni, ashe ita ma jira take. Ni ina baranda ina jira, ita tana baranda tana jira, tasa ɗaya a tsakaninmu.

Ta juya ga Wirda ta ce, “Ban da rana, akwai wani abin da ake sawa a nan?” Wirda ta ce akwai inda aka rubuta babu ranar ƙarewa. Ta ce, “Danna shi. Sannan ki ɗauke shi daga nan ki kai shi ɗakin uwarki. Takardar falo ta kakanni ce, ban isa in taɓa ta ba. Wannan kuwa mabuɗinta yana hannuna.” Wirda ta kama linzamin kwamfutar ta danna. Na ga sunana ya tashi ya haye allo, ya sauka a ƙarƙashin na Niar. Ba a daɗe ba injin farko ya yi tari ya kama, sauran suka bi.

Na yi wa mai taurin kan nata sunan jiya ɗin nan, kafin in sake mantawa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki zauna. Da zarar an buɗe hanya, Amak za ta turo ƙaninta da tasar ganyen siri ya same ku, ya roƙi ku bar ni. Amsar tana bakinki, ke ce babba. Na san kin share ɗaki, na san kin yi ta gaya wa maƙwabta ƙaninki zai dawo, kuma na san gidan ya yi miki faɗi tun da mahaifiyarmu ta rasu. Wannan yana ci mini rai. Ki yafe mini, Uni. Zan riƙa zuwa duk wata, in gyara miki rufin kicin ɗin da kike ta mita a kai. Amma ina roƙon ki, ki karɓi ganyen.

Zan tsaya nan, rubutuna ya fara karkacewa. Ina cikin wannan shafin aka ƙwala kira daga kicin, na yi zaune ina jira mai sunan ya amsa. Sai da ta sake, da ƙarfi, har da buga sanda a ƙasa: “Dasril! Kurma ne kai? Shinkafa tana hucewa.”

Ki gaida kowa. Ki naɗe katifar nan kada raɓa ta lalata ta.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Dasril